Takardar PDF ta ƙi buɗewa: abin da za a duba kafin a biya mai sibar

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da maimaita tambayarku a taƙaice don masu karatu su san inda aka dosa. Kun ce kuna koyarwa a wata lakwal a Mirya, kuna da tsohuwar kwamfuta mai Windows 7, kuma takardun aiki suna zuwa muku ta WhatsApp da siffar PDF. Wasu suna buɗewa a salula, amma da kun kai su kwamfuta sai su ƙi. Kun yi ƙoƙarin sauke Adobe har sau uku, megarku ta ƙare bai gama sauka ba. Wani mai sibar, wato shagon intanet, a nan Damagaram ya ce ku kawo jika biyu ya sa muku "cikakke". Sannan akwai wata takardar darasin Hausa da ƙ da ɗ suka koma ƴan akwatuna a cikinta.

Ku riƙe jika biyunku, Malam. Karanta PDF ba a sayen sa. Kamfanin Adobe ne ya fito da wannan siffar takarda a 1993, kuma tun 2008 ta zama ƙa'ida ta duniya mai lamba ISO 32000, wadda kowa ke da damar rubuta manhajar da za ta karanta ta. Shi ya sa masu buɗe PDF kyauta suka yi yawa. Shi kansa Adobe Acrobat Reader kyauta ne. Wanda ake saye shi ne Acrobat Pro, na masu gyara rubutun cikin takarda da sauya shafuka, kuma kuɗinsa ya wuce jika biyu nesa ba kusa ba. Abin da ake kira "cikakke" a irin wannan farashi kwafe ne da aka fasa masa makulli. Ina ƙin sa, ba don haƙƙin masu shi kaɗai ba. Kafin ya shiga sai an kashe mai gadin kwamfuta, kuma babu wanda zai iya rantse muku da abin da aka cusa a cikinsa. Kwamfutar da ke ɗauke da sakamakon yara da takardun jarrabawa ba wurin gwada sa'a ba ce.

Amma abin da na fi so ku ɗauka daga amsar nan shi ne kada ku fara da girka komai. A cikin mutanen da ke kawo mini wannan kuka a shago, mafi yawansu manhajarsu lafiya lau take, takardar ce ta iso da rauni. Sai mutum ya cire manhaja, ya sa wata, ya ƙona mega, alhali ciwon yana wani wuri. An bar jaki ana dukan taiki.

Ga gwajin farko, ba ya cin ko dala. Ku buɗe Chrome ko Firefox, duk wanda ke cikin kwamfutar, ko da babu intanet. Ku ja takardar da linzami ku sake ta a tsakiyar tagar burauzar. Dukansu biyu suna zuwa da mai karanta PDF a cikinsu. In ta buɗe, takardar lafiya take, matsalar tana ga manhajar da Windows ke kira idan kun danna sau biyu. In ta ƙi, to sai mu duba jikin takardar.

Ku dubi nauyinta a salula, sannan ku dubi nauyinta a kwamfuta. A WhatsApp ana rubuta nauyin a ƙarƙashin sunan takardar. A kwamfuta kuwa ku danna maɓallin dama a kanta ku zaɓi Propriétés, tunda na san yawancin injinanmu da Faransanci suke. In salula ta ce mega 3, kwamfuta ta ce 800 Ko (Ko ma'auni ne ƙarami, kusan dubunsa ne mega ɗaya), ko ma 0 Ko, to ba ta gama ƙaura ba: ko waya ta motsa ana cikin kwafa, ko an zare kile, wato ɗan ma'ajin USB, da wuri, ko wurin ajiyar salula ya cika tun lokacin saukewa. Dalilin da ya sa rabin PDF ba ya buɗewa, alhali rabin waƙa ko rabin bidiyo yakan ɗan kunnu, shi ne teburin da ke nuna inda kowane shafi da kowane hoto yake, a ƙarshen takardar ake rubuta shi. Manhaja takan fara leƙa wutsiya ta karanta teburin, sannan ta dawo ta jera shafuka. In an yanke wutsiyar, kamar littafi ne da aka warware ɗinkinsa aka zuba ganyayen cikin buhu babu lamba. A nan ne Adobe ke cewa fayil ɗin ya lalace kuma ba a iya gyara shi ba. Maganin shi ne a sake kwafa, ko a roƙi wanda ya aiko ya sake aikowa.

In nauyin ya yi daidai amma har yanzu ta ƙi, akwai wata dabara da nake koya wa duk yaron da ya zo koyon aiki wurina. Ku buɗe takardar da Bloc-notes, ƴar manhajar rubutu da ke cikin Windows. Za ku ga tarkacen alamomi marasa ma'ana, kada su dame ku, kuma kada ku adana komai, layin farko kawai za ku duba. PDF na gaskiya yana farawa da %PDF- sai lamba ta biyo, kamar 1.4 ko 1.7. In kun ga ya fara da PK, to mai yiwuwa takardar Word ce ko matsattsiyar jaka da wani ya sauya wa suna da hannu, yana zaton sauya suna shi ne juyawa. In kun ga JFIF kusa da farko, hoto ne. In kun ga html, to abin da aka sauke shafin intanet ne, galibi shafin da ke cewa a shigar da kalmar sirri, ba takardar ba. Wannan na ƙarshen yana yawan faruwa da ɗaliban jami'a lokacin ajiye dosiye, su zo da kile suna cewa sun sauke fom, alhali ƙofar gidan suka ɗauko suka bar abin da ke ɗaki.

To, sai maganar abin da za a girka. Ga injin irin naku, shawarata SumatraPDF. Kyauta ne, lambar da aka rubuta shi da ita a buɗe take ga kowa, wani mai suna Krzysztof Kowalczyk ne ya fara shi a 2006. Nauyinsa ƴan mega ne kawai, yana tashi nan take ko a kan injin da ƙwaƙwalwarsa giga 2 ce, ba ya talla, ba ya neman ku buɗe asusu. Yana aiki a kan Windows 7, kuma masu Windows XP ma akwai tsohuwar fitowa mai lamba 3.1.2 da ke yi musu. Ku sauke shi daga gidansa, sumatrapdfreader.org, ba daga shafukan nan masu manyan maɓallan kore guda huɗu da ba a san na gaskiya ba. Za ku iya sauke shi da salula ku tura kwamfuta ta waya. Akwai iri biyu a shafin: wanda ake girkawa, da wanda ba ya buƙatar girki, fayil ɗaya ne tak da ake ajiyewa a kile a kunna shi a kowace kwamfuta. Ni kullum akwai na biyun a aljihuna. Wani amfaninsa kuma, injin da ke ƙarƙashinsa, MuPDF, yakan yi ƙoƙarin sake gina teburin nan da na faɗa idan ya tarar da shi a karye, don haka wani lokaci yakan buɗe takardar da Adobe ya ƙi. In ya buɗe muku irin wannan, kada ku jira, ku buga ta ko ku nemi sabon kwafe, domin mai yiwuwa wasu shafuka sun ɓace.

Kafin saukewa ku san ko injinku mai 32 ne ko mai 64. Ku danna maɓallin dama a kan Ordinateur, ku zaɓi Propriétés, ku karanta layin Type du système. Manhajar 32 tana aiki a kan duka biyun, amma ta 64 ba ta shiga injin 32 ko an kwana ana dannawa. In kuna shakka, ku ɗauki 32.

Bayan an girka, sai a gaya wa Windows wanda zai riƙa kira. Maɓallin dama a kan kowace takardar PDF, Ouvrir avec, ku zaɓi SumatraPDF, ku sa alama a akwatin da ke cewa kullum a yi amfani da shi. Wannan ɗan akwatin ne mutane ke tsallakewa. Na sha ganin injin da wani ya taɓa kuskuren zaɓar Word ko mai kunna bidiyo da wannan alamar, daga ranar duk PDF ya daina buɗewa, mai injin yana ta zargin birus.

Sai dai SumatraPDF ba ya cike fom. Karatu ne aikinsa, da ɗan ja layi a kan rubutu. Fom na yau da kullum mai guraben rubutu, Firefox da Chrome suna cike shi. Amma akwai wani iri da ake kira XFA, wanda wasu hukumomin waje ke amfani da shi, misali fom ɗin neman bizar Kanada. In kun buɗe shi a Chrome ko a salula, shafi ɗaya kawai za ku gani da saƙon Turanci yana cewa ku dakata, kuma dakatawar ba ta ƙarewa. Takardar ba ta lalace ba. Sai an ajiye ta a kwamfuta an buɗe ta da Adobe Acrobat Reader kansa. A irin wannan wurin ne kaɗai nake cewa Adobe ya zama dole, da kuma wurin tantance sa hannu na lantarki.

Dalilin da ya sa saukarku ta ƙi har sau uku kuwa, ga shi. Abin da babban shafin Adobe ke fara ba ku ɗan ƙaramin fayil ne, ɗan aike. Shi ne idan kun kunna shi zai je ya jawo ainihin manhajar, wadda nauyinta ɗaruruwan mega ne. In layi ya yanke ko wuta ta ɗauke a tsakiya, sau da yawa daga farko ake komawa. Da irin layin da ake samu a wajen gari, wannan zubar da kuɗi ne. Adobe yana da wani shafi na masu rarrabawa a ofisoshi inda ake samun manhajar dunƙule guda, a zaɓi harshe da irin Windows, a sauke sau ɗaya a wuri mai ƙarfin layi, a zuba a kile. Wannan shi ne aikin da ya dace mai sibar ya yi muku, ku biya shi kuɗin lokacinsa da layinsa, ba kuɗin manhaja ba. Ku tsaya a kansa ku ga adireshin ya ƙare da adobe.com, kuma in shafin ya nuna ƙarin wasu manhajoji da alama a kansu, a cire alamar. Abu ɗaya da zan gaya muku gaskiya: sabbin fitowar Adobe an yi su ne don Windows 10 da 11, a kan Windows 7 za su iya ƙin shiga, in ma sun shiga su yi wa injin nauyi. In fom irin na biza ya taso muku sau ɗaya a shekara, ku cike shi a injin wani mai sabon Windows, ya fi muku sauƙi.

Ku dubi agogon kwamfutar ma, can ƙasa a kusurwar dama. Tsoffin injina suna da ɗan batir mai kama da kwabo a jikin allon ciki, galibi mai lamba CR2032. Idan ya mutu, duk lokacin da aka kashe injin sai kwanan wata ya koma shekarun baya. Burauza kuma tana gwada takardar shaidar kowane shafi da kwanan watan injin, in ta ga ba su dace ba sai ta ce haɗin ba amintacce ba ne ta hana saukewa. Mutane da yawa sun sake wa injinsu Windows gaba ɗaya saboda wannan, alhali gyara kwanan wata da hannu ya wadatar na ranar, sauya batirin kuma ya raba gardama.

Akwai wata yarinya da ta zo mini ana gobe rufe ajiyar dosiyen wani konkur, da la'asar, zufa na tsiyaya, tana riƙe da kile a ƙulle a bakin gyalenta. Ta ce takardunta duka sun ƙi buɗewa: takardar haihuwa, ta ɗan ƙasa, sakamakon bak. Da na sa kilen, kowace takarda tana nan da sunanta, amma da ƴar kibiya a gindin hoton, kuma nauyin kowacce bai wuce 2 Ko ba. Ba takardu ba ne, gajerun hanyoyi ne da birus ya ajiye, ya ɓoye na gaskiyar. Duk wanda ya danna ɗaya, ya kunna birus ɗin a injinsa. Ta ɗauko shi ne a wurin da ta je yin sikana. Na wanke kilen da mai gadi, na buɗe tagar umarni na rubuta attrib -h -r -s /s /d sai harafin kilen da alamomin da ke nufin duka fayiloli, takardunta suka fito daga inda aka ɓoye su. Ta zauna a kan benci ta yi shiru na ɗan lokaci kafin ta iya cewa komai. Tunda kuna yawo da kile tsakanin lakwal da masu fotokopi, wannan zai iya samun ku. Ku shiga Options des dossiers, sashen Affichage, ku cire alamar da ke ɓoye ƙarshen sunan fayil. Daga nan duk abin da kuka ga sunansa ya ƙare da .pdf.exe, ko yana da ƴar kibiyar nan a gindin hotonsa, kada ku taɓa shi, ba takarda ba ce.

Yanzu maganar ƙ da ɗ, wadda ita ce ta fi taɓa ni, domin rubutun harshenmu ne ke wulaƙanta a gaban yara. An yi PDF ne don takarda ta fito iri ɗaya a ko'ina, kuma hanyar da take bi ita ce ta ƙunshe zubin haruffan da aka yi rubutun da shi a cikin jikinta. Idan wanda ya haɗa takardar bai ƙunsa ba, injinku zai nemi wannan zubin a cikinsa, in bai samu ba ya ari wani. Zubin aron yana da a da b da k, amma mai yiwuwa ba shi da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai ya sa akwati a gurbinsu. Ku buɗe takardar ku danna Ctrl da D, a SumatraPDF ko a Adobe, ku nemi jerin zubin haruffa. A Adobe na Faransanci sashen sunansa Polices, kuma wanda aka ƙunsa za ku ga an rubuta haka a gefensa. In babu wannan bayanin, laifin daga wurin haɗawa ne, kuma sauya manhaja sau goma ba zai tabbatar da gyara ba.

Akwai kuma wani tsohon ciwo. Kafin tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa, ya yaɗu, masu buga Hausa sun yi dabarar ƙera zubi na musamman da ya ɗauki maɓallan wasu alamomi ya zana haruffa masu ƙugiya a kansu. Har yau akwai masu aiki da su. Shi ya sa za ku kwafi rubutu daga wata takarda ku manna a Word, sai ku ga }asa a maimakon ƙasa, ko ]aya a maimakon ɗaya. A ido takardar daidai take muddin zubin yana ƙunshe, amma nema ba ya aiki a cikinta, kwafa kuma ɓarna ce.

Don haka maganin yana hannun wanda ya aiko. Ku roƙe shi ya sake rubutun da zubin da ke da haruffanmu na gaskiya. Charis SIL da Andika kyauta ne, kuma Andika an yi shi ne musamman don masu koyon karatu, yana da kyau ƙwarai ga ƴan aji ɗaya. Sannan lokacin adanawa da siffar PDF a Word, ya shiga Options ya sa alama a kan PDF/A, domin wannan ƙa'idar tana tilasta a ƙunshe kowane harafi. LibreOffice kuwa da kansa yake ƙunshewa idan aka fitar da PDF. Ku ma idan kuna shirya darasi don abokan aiki, haka za ku yi. Takardun ajami da na Larabci su ma wannan dokar ce, sai dai su ko an ƙunshe zubin, kwafar rubutu daga cikinsu takan fito a birkice, haruffa a rarrabe ko a juye. A karanta su a yadda suke ya fi.

In takardar daga sikana ta fito, hoton shafi ce kawai, babu harafi ko ɗaya da injin ya sani a ciki, don haka ba a nema ba a kwafa. In kuma ta nemi kalmar sirri kafin ta buɗe, wanda ya kulle ta ne kaɗai zai ba ku. Kada ku ɗora takardun yara ko na kanku a shafukan da ke alkawarin fasa makulli.

Wajen bugawa, matsala biyu ce ke maimaituwa. Ta farko, takardar da aka tsara da girman takardar Amurka, mu kuwa A4 muke da ita, sai gefe ya yanke. Ku zaɓi daidaita da shafi a tagar bugawa. Ta biyu, a fuskar kwamfuta komai daidai amma firinta ta fitar da tarkace ko ta tsaya a rabi. Adobe yana da zaɓin bugawa a matsayin hoto, yana ƙarƙashin Options avancées. Yana da ɗan jinkiri, amma tsoffin firintoci sun fi gane shi.

Game da Windows 7 ɗin kansa, Microsoft ya daina ba shi gyaran tsaro tun 14 ga Janairu 2020, Chrome ya tsaya masa a fitowa ta 109, Firefox kuma a jerin 115. Ban ce ku jefar da injin ba, na san yadda ake samun sa. Amma ku rage shiga intanet da shi, ku bar salula ta yi saukewa, shi kuma ya yi karatu da rubutu da bugawa. A salular ma ba ku buƙatar manhajojin nan masu cika fuska da talla: mai karanta PDF na Google Drive da ke zuwa da yawancin wayoyin Android ya isa.

Ku fara da jan takardar cikin burauza, sannan ku gaya mini nauyinta a salula da nauyinta a kwamfuta, da abin da layin farko ya nuna a Bloc-notes. In kuma kun shigo gari ranar Alhamis don kasuwa, ku taho da kwamfutar da cazarta da wayar da kuke haɗa salula da ita, domin ita ma wayar ina zarginta. SumatraPDF yana cikin kilena, minti biyar ya isa, batirin agogon kuma mu duba shi tare.